Aro, Ƙauyen da Aka Mayar Asibiti

A unguwar Lantoro da ke Abeokuta akwai wani tsohon gidan yari wanda Turawan mulkin mallaka suka karɓe a shekarar 1944, suka mayar da shi wurin ajiye masu taɓin hankali. Sojoji ne aka fara kaiwa can, waɗanda aka dawo da su daga Burma inda ake gwabzawa da Japan, bayan hankalinsu ya gushe a fagen daga. Aka turo ma'aikata daga gidan mahaukata na Yaba a Legas su kula da su, aka ja ƙofa aka rufe. Daga wannan kurkuku asibitin ƙwaƙwalwa mafi suna a Najeriya ya samo asali.

Sojojin Najeriya sun je Burma ne cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma 'yan Arewa sun yi yawa a ciki har Hausa ta zama harshen bariki. Sun ratsa kwarin Kaladan da dazuzzukan Arakan da kaya a ka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓi da atuni, ga abokin gaba da ba a ganinsa sai ya faɗo cikin dare. Sunayen wuraren da rundunonin suna nan har yau a ƙofar barikoki: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya. Halin da mutanen suka dawo a ciki kuwa babu allon da aka rubuta shi. Wanda ciwonsa ya fito fili shi ake kaiwa Lantoro. Wanda ya koma garinsu ya daina barci, yana zabura in kwano ya faɗi, yana faɗa da iyali ba dalili, sai a ce yaƙi ya taɓa shi, ko jifa aka yi masa, a bar shi da halinsa.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta ɗauki taɓin hankali a matsayin ciwon da za ta kashe wa kuɗi ba. Ta buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, ta buɗe na Yaba a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa, ta yi dokar mahaukata a 1916, kuma manufar duka ita ce a kawar da mutum daga titi. A sauran wurare, har da Arewa, gidan yari ne makoma, inda ake ware wa masu taɓin hankali sashe, ga mari ga turu. Akwai kuma ilimin da ke ɗaure wa wannan rowa gindi. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani littafi na J. C. Carothers, likitan da ya yi aiki a Kenya, wanda ya kwatanta ƙwaƙwalwar baƙar fata da ta Baturen da aka yi wa tiyata aka datse gaban ƙwaƙwalwarsa, ya kuma ce ciwon baƙin ciki mai tsanani bai cika kama ɗan Afirka ba. In an yarda da haka, to an yarda cewa sojan da ya ga an yanka abokinsa a Kaladan ba shi da abin da zai ci masa rai.

Shekara ɗaya bayan fitowar wannan littafi Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida. Ɗan Abeokuta ne, an haife shi a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan, shi ne kuma ɗan Najeriya na farko da ya yi wannan ƙwarewa. Aka ba shi sabon asibitin da ake ginawa a Aro, a bayan gari. Ya iso ya tarar ginin bai kammala ba, babu ɗakunan kwantar da marasa lafiya. Da wani likita ne, da sai ya zauna jiran ɗan kwangila. Lambo ya nufi dattawan ƙauyukan da ke kewaye da filin asibitin, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna a cikin gidajensu.

Ba ƙaramin roƙo ba ne. Wa zai yarda a kawo masa mahaukaci tsakar gida, ga mata ga yara? Amma a watan Oktoba na 1954 aka fara, kuma sannu a hankali tsarin ya kai ƙauyuka 4 masu ɗaukar marasa lafiya 200 zuwa 300 a lokaci guda. Sharaɗi na farko shi ne ba a karɓar kowa shi kaɗai. Dole ya zo da ɗan'uwa, galibi uwa ko inna ko 'yar'uwa, wadda za ta zauna ɗaki ɗaya da shi, ta dafa masa abincin da ya saba ci, ta wanke masa kaya, ta rako shi asibiti da safe ta koma da shi da yamma. Da rana ana ba shi magani, ana koya masa sana'ar hannu ko ya shiga gona. Da dare yana ƙauye, yana jin kiran salla ko ƙararrawar coci, yana jin rigimar maƙwabta da kukan awaki, kuma akwai ma'aikacin jinya a kusa in wani abu ya taso. Masu gida suna karɓar kuɗin haya. Asibiti ya ba su rance suka ƙara ɗakuna, ya kawo ruwan famfo, ya gina masai, ya yi yaƙi da sauro, ya buɗe musu ɗakin shan magani. Dattawan ƙauye suna zama da ma'aikatan asibiti a tattauna yadda abubuwa ke tafiya. Ƙauyen da aka zata zai gudu daga marasa lafiya sai ya zama yana cin abinci da zuwansu.

Sannan ya yi abin da ya ɗaga wa abokan aikinsa gira: ya jawo bokayen Yarabawa cikin aikin. Hujjarsa a fili take. Marar lafiya ya riga ya je wurin boka kafin ya zo asibiti, zai kuma koma bayan an sallame shi, to gara a san abin da ake gaya masa a can. Wanda ya yi imani an yi masa asiri ba zai natsu da allura kaɗai ba, sai an yi masa abin da zuciyarsa ta yarda ya karya asirin.

Kada a ɗauka Aro aljanna ce. Lambo likitan zamaninsa ne, ya yi amfani da jona lantarki a kai, da sumar da mutum da allurar insulin, da sabon maganin Largactil da ya shigo a shekarun nan. Waɗanda ake jin tsoron za su yi ɓarna ba ƙauye ake kai su ba, Lantoro ake barinsu. Kuma rahotannin da ya bayar na saurin warkewa da ƙarancin komawa ciwo ba su fito daga irin gwajin da ake yi yau ba, inda ake raba marasa lafiya gida biyu a kwatanta. Duk da haka abin da ya gani gaskiya ne: mutumin da aka bari cikin mutane, yana da mai kiran sunansa da aikin da zai tashi ya yi, ba ya lalacewa irin lalacewar wanda aka kulle shekaru. In an sallame shi kuma, wadda za ta koma gida da shi ta riga ta san maganinsa da alamun tashin ciwonsa.

Duniya ta lura. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. A wannan shekarar masu bincike daga Jami'ar Cornell ta Amurka suka haɗu da na Aro suka bi ƙauyukan Yarabawa suna tambayoyi, sakamakon da aka buga a 1963 kuma ya nuna damuwa da firgita da baƙin ciki suna nan a cikinsu kamar yadda aka same su a wani yankin karkara na Kanada. Maganar Carothers ta faɗi. A Sudan ma Tijjani al-Mahi yana kan irin wannan hanya, yana aiki da malaman addini da masu zar, wato irin borin can. Lambo ya koma Jami'ar Ibadan, ya zama shugabanta a 1968, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988.

Ana cikin wannan tashe wani sabon baƙo ya fara bayyana a ɗakin likita, wato wiwi. Tolani Asuni, wanda ya gaji Lambo a Aro, ya buga bincike a kan tabar a 1964, inda ya kawo labarin da ke yawo cewa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya da ma'aikatan jiragen ruwa ne suka yaɗa ta a ƙasar. Lambo ma ya yi rubutu kan shaye-shaye a Afirka ta Yamma a 1965. Abin lura shi ne tambayar da likitocin wancan lokaci suka fi yi: shin wiwi na haukata mutum? Tambaya ce mai kyau, domin tana iya tayar da taɓin hankali ga wasu. Amma ɗaya tambayar, wato me ya sami wannan mutum kafin ya fara sha, ba ta sami irin wannan kulawa ba, alhali jirgi ɗaya ne aka ce ya sauke tabar da mutanen da ba sa iya barci.

Gwamnati kuwa sanda ta ɗauka. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma wiwi, da shekara 10 ga mai sha. Shekara ɗaya bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, ya ci rai sama da miliyan ɗaya kafin ya ƙare a 1970, ya bar dubban sojoji da marayu da babu wanda ya tambaye su abin da suka gani. Aka sassauta dokar a 1975, aka sake tsanantawa a 1984, aka harbe mutum 3 a Legas a watan Afrilu na 1985 kan hodar iblis, aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. A tsakiyar wannan duka, a 1983, Aro ya buɗe sashe na musamman na jinyar masu shaye-shaye, na farko a ƙasar, inda marasa lafiya ke zama tare, suna raba aiki, suna yi wa juna faɗa da nasiha. Ruhin ƙauyen ne aka shigar cikin gini.

Hujjar kimiyya kan alaƙar firgici da shaye-shaye daga wani yaƙin ta fito. A 1971 hankalin Amurka ya tashi da jin cewa sojojinta a Biyetnam sun faɗa shan heroin. Aka ɗora wa Lee Robins ta Jami'ar Washington da ke St. Louis ta bi sawun waɗanda suka dawo. Ta yi hira da kusan 900, ta gano cewa ɗaya cikin biyar ya kamu sosai a can. Kowa ya zata za su cika titunan Amurka da maye. Sai ga shi cikin waɗanda suka kamu ɗin, kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 kuma cikin shekara 3. Adalci ne a faɗi cewa Robins ba ta ɗora komai a kan tsoron yaƙi ba, ta ga arhar ƙwayar da zaman kashe wando da halin da mutum ya tafi da shi daga gida duk suna da hannu. Amma darasin bai ɓuya ba: da wuri ya canza, mutane suka koma cikin danginsu da aikinsu, yawancinsu sun bari. Wasu tsofaffin sojojin kuwa yaƙin bai sake su ba, kuma fafutukarsu ce ta sa a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka amince da ciwon firgicin bayan masifa a matsayin ciwo mai zaman kansa. A 1985 Edward Khantzian na Harvard ya fito da bayanin da ya yi tasiri, cewa da yawa daga masu shaye-shaye magani suke yi wa kansu, kowa na zaɓar ƙwayar da ke kashe irin zafin da ke cinsa.

Sai binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka yi a San Diego kan mutum fiye da 17,000, wanda aka fara bugawa a 1998. Sun tambayi manya abin da ya same su suna yara: duka, fyaɗe, zagi da wulaƙanci, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi ko mai taɓin hankali a gida. Wanda ya haɗu da iri 4 ko fiye na waɗannan, haɗarin zamansa mashayin giya ya ninka kusan sau 7, na yi wa kansa allurar ƙwaya kuma kusan sau 10. Ruwa ba ya tsami banza.

Yadda abin ke aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya tsallake rijiya da baya, sashen ƙwaƙwalwarsa mai gano haɗari yakan ƙi komawa ya kwanta. Zuciya na bugawa, barci na yankewa da mugun mafarki, ƙara ko wari kaɗan sai ya dawo da ranar kamar yanzu take faruwa. Ranar da ya fara haɗiyar tiramadol ko ya sha kodin, a karon farko cikin watanni jikinsa ya saki, ya yi barci. Ƙwaƙwalwa ba ta manta wannan sauƙi. Sai dai jiki na sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma uku, kuma in ta sake shi abin da ke biyowa shi ne rawar jiki da gumi da faɗuwar gaba da rashin barci, wato ainihin abin da ya gudu daga gare shi, an ƙara masa. Shi ya sa raba shi da ƙwaya kawai, ba tare da taɓa abin da ke ƙasa ba, yakan ƙare da komawa.

An daɗe ana bin ƙa'idar cewa sai mutum ya daina sha tukuna a taɓo masa tsohon ciwo, don kada tonon ya mayar da shi ruwa. Wani gwaji da Katherine Mills da abokan aikinta suka yi a Sydney, aka buga a 2012, ya girgiza wannan ƙa'ida: waɗanda aka yi wa jinyar firgici da ta shaye-shaye a tare, ana sa su ba da labarin abin da ya faru daki-daki a gaban mai jinya har ya rage ƙarfi, firgicinsu ya ragu fiye da na sauran, shaye-shayensu kuma bai ƙaru ba. A nan ne kuma tsarin Aro ke da gurbin da sai an cike. Lambo ya ɗauka dangi magani ne, kuma sau da yawa haka ne. Amma binciken San Diego ya nuna a wasu gidajen dangin ne ciwon. Yarinyar da kawunta ya lalata ba za a ce kawun ya rako ta jinya ba.

Ƙauyen Aro kansa bai daɗe da ƙarfinsa ba. Abeokuta ta zama babban birnin jihar Ogun a 1976, gari ya haɗiye ƙauyukan, ɗakin haya ya sami masu biya da tsoka, dangi kuma suka rasa wanda zai bar aikinsa ya yi wata da watanni yana jinya. Asibitin ya ci gaba da girma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke shi cibiyar haɗin gwiwa a 1979, amma ya koma asibiti mai gadaje kamar sauran.

Buƙatar kuwa ƙaruwa ta yi. Binciken ƙasa na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken: miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin huɗu mace ce. A Arewa maso Gabas, inda rikicin Boko Haram ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu, tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, wanda ya zarce abin da hukuma ta yarda a sayar nesa ba kusa ba, ya shiga hannun mayaƙa da 'yan sa-kai da mazauna sansanin gudun hijira, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri kuma shi ke karɓar abin da ya biyo baya. Da BBC ta nuna fim kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa maganin tari da shi washegari. An rufe kwalba, dalilin shan bai tafi ko'ina ba.

Iyayen da suka rasa yadda za su yi sai suka nufi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu suna ba da labarin lalata da aka yi da su. Cikin makonni aka fasa wasu a Daura da Katsina da Zariya da Ilorin da Ibadan. Saurin zagin iyayen nan ba adalci ba ne. Yawancinsu kuɗi suka biya don a shiryar musu da ɗa, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Sai dai in firgici ne ya kai yaro ga ƙwaya, sarƙa da duka sabon firgici ne a kan tsoho, kuma ranar da aka kwance shi ya san inda ake sayar da abin da ke kwantar da shi.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marar lafiya haƙƙin a nemi yardarsa kafin a yi masa magani, tare da taƙaita ɗaurewa da killacewa. Kafin nan, a 2020, Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin da Lambo bai samu ya yi ba. A Ibadan da Kumasi suka haɗa bokaye da masu addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikacin lafiya na ziyartar marar lafiya a gidan mai maganin gargajiya yana ba shi magani, su biyun suna shawara. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi ƙwarai, kuma ɗaure marasa lafiya ya ragu a wuraren da aka yi gwajin. Masu taɓin hankali mai tsanani aka gwada a kansu, ba masu shaye-shaye ba, amma irin waɗannan gidaje ne dai iyayen Kano da Kaduna da Maiduguri ke kai 'ya'yansu in ƙwaya ta kama su.